Lambun samun natsuwa a Kaduna: a fara da inuwa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar lambu za mu yi, amma ba na albasa da tumatir ba. Lambun unguwa ne, inda mai jinya, ko tsoho, ko wanda damuwa ta yi wa katutu zai shiga ya zauna hankalinsa ya kwanta, ya ja carbinsa ko ya yi addu'arsa.

Abin yana da tushe. A 1984, wani masani a Amurka, Roger Ulrich, ya bi bayanan waɗanda aka yi wa tiyatar matsarmama. Ya gano cewa waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun fi saurin barin asibiti, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi sosai ba, in aka kwatanta da waɗanda bango kawai suke gani.

To ta ina za a fara? Kada ku je duba fili a watan Agusta. Da damina ko'ina a Kaduna kore ne shar, kowane kango sai ya burge ku. Ku je a watan Maris, da ƙarfe biyu na rana. Inda kuka iya tsayawa ba ku gudu ba, nan ne wurin zama. In babu, to aikinku na farko dashen bishiya ne, fure ya jira.

Darbejiya ta fi dacewa, don tana saurin girma, tana jure rani. Tsamiya inuwarta ta fi daɗi, sai dai tana da nawa. Jikoki ake dasa wa. A sa bishiyoyin ta yamma, su tare zafin la'asar. Mangwaro kuwa, ni dai ban ba da shawara ba. Da ya fara 'ya'ya, yaran unguwa sun iso da duwatsu, natsuwa ta ƙare.

Ƙamshi ma magani ne. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a a bakin hanya, inda hannu zai taɓa. Lalle ya yi shinge, ga furensa da ƙamshi. Zurman da bini-da-zugu a kauce musu, 'ya'yansu guba ne, kuma yara za su shigo.

Hanya ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba matakala, faɗinta ya kai mita ɗaya da rabi saboda keken guragu. A yi ta zagaye, mai tafiya ya dawo inda ya faro ba tare da ya ɓata ba. Jar ƙasarmu tana santsi in ta jiƙe, don haka a daɓe ta da tsakuwa, a fitar wa ruwa hanya. Benci kuma ya kasance da majingina da abin dafawa, saboda gwiwar dattijai. A ware lungun da mata za su sake.

Wasu na son tafki don sanyin ido. Ruwan da ba ya gudu gidan sauro ne, kada a zo neman lafiya a koma da zazzaɓi. Randa mai murfi ta wadatar. Ciyawa kuma a riƙa sassabe ta saboda macizai, a yi ƙofar da akuya ba za ta ture ba.

Dashe a yi shi a Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya zauna. Kafin nan, mai unguwa da matasa su tsayar da wanda zai riƙa ban ruwa daga Nuwamba har faɗuwar damina, a rubuta sunansa da ranakunsa.