Sashen Yara a Laburare: Me Ake Yi a Ciki, Kuma Yaushe Yaron Kano Zai Samu Zuwa?

[Hoto: Titin Ahmadu Bello da hantsi, ƙofar laburaren Murtala Muhammad]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

In ka tambayi mutumin Kano su wa ke zuwa laburare, zai ce maka masu jarrabawa: 'yan WAEC da NECO da JAMB, sai ɗaliban jami'a da hayaniyar gida ta koro. Ba ƙarya ya yi ba, su suka fi cika kujerun. Sai dai ba don su kaɗai aka yi wurin ba. Laburaren Murtala Muhammad, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano, da kuɗin jama'a yake tafiya, kuma ɗan shekara huɗu yana da haƙƙi a irin wannan wuri daidai da mai digiri. Tun 1949 UNESCO ta fitar da takardar manufofin laburaren jama'a, aka sabunta ta a 1994 da 2022. A bugun 1994, aikin da aka fara ambata a jerin shi ne sabar wa yara da karatu tun suna ƙanana.

Me ya sa yara ne a gaba? A 2022 Bankin Duniya, tare da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi, sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su gane abin da ya ce. A Afirka kudu da Sahara kuwa, kusan yara 9 ne cikin 10. Da yawansu fa suna zuwa makaranta. Sun iya rera abin da malam ya rubuta a allo, amma a miƙa musu shafin da ba su taɓa gani ba, sai ido. Abin da suka rasa shi ne yawan riƙe littafi, kuma wannan giɓin ne sashen yara ke ƙoƙarin cikewa.

[Hoto: gajerun kantoci, yara zaune a darduma]

Sashen yara da aka tsara da kyau, tun daga ƙofa za ka gane shi. Kantocinsa gajeru ne, yadda hannun yaro zai kai ba sai an ɗauko masa ba. Ana jera littattafan ƙanana bangonsu na kallon mutum, don wanda bai iya karatu ba da hoto yake zaɓe. Akwai darduma ko tabarma, saboda yaro a ƙasa ya fi sakewa. Kuma ba a yi wa kowa tsawa don ya yi dariya.

Littattafan hawa-hawa ne. Na farko masu shafin kwali ne mai kauri, waɗanda ko an kai baki ba sa yagewa. Sai na hotuna, jimla ɗaya ko biyu a shafi, babba ya karanta yaro yana bin hoto. Sai na koyon karatu, da aka rubuta da kalmomi kaɗan da ake maimaitawa. Daga nan a shiga labarai masu babi-babi, da littattafan sanin abubuwa: dabbobi, taurari, jikin ɗan Adam, tarihin Annabawa, yadda jirgi ke tashi.

Akwai wata dabara da ma'aikatan laburare ke koya wa iyaye. A buɗe tsakiyar littafi, yaro ya karanta shafi guda da ƙarfi, duk kalmar da ta kayar da shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, sai dai a karanta masa. In biyu ne ko uku, to daidai shi ne. In kuma bai lanƙwasa ko ɗaya ba, kada a hana shi ɗauka. Littafi mai sauƙi shi ke sa harshe ya faɗa.

Lambobin da kuke gani a ƙeyar littafi kuwa, a yawancin laburaren jama'a tsarin Dewey ne, wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876. Ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. Musulunci na 297, kimiyya na 500, dabbobi na 590, tarihi da labarin ƙasa na 900, tatsuniyoyi na 398.2. Ɗan aji huɗu zai iya riƙe lambobi uku a ka, daga ranar kuma ya daina jiran kowa.

[Hoto: tsofaffin littattafan Hausa, shafukan sun yi ja]

To, ga inda gizo ke saƙa: harshe.

Yaron Dala ko Gwale da Hausa yake tunani, da ita yake mafarki. Rubutun Hausa na boko kuma yana da sauƙin kamawa, domin wasulla biyar ne, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa. Wanda ya kama ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya. In littafin farko da ya shiga hannunsa na Turanci ne, an haɗa masa aiki biyu ke nan, koyon haruffa da koyon baƙon harshe, a lokaci guda. Yara da dama a nan suke sarewa, su ɗauka kansu ne ba ya ja. Shi ya sa shirye-shiryen koyar da karatu irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, suka fara da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare. Wanda ya iya karatu da harshensa, Turancin ma ya fi zo masa da sauƙi daga baya.

Ba mu rasa tarihi a wannan fanni ba. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a hukumar talifi ta Zariya, gasar da ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Balewa da Muhammadu Gwarzo. Magana Jari Ce ta Imam, littafi uku, ta fito tsakanin 1937 da 1939, kuma don 'yan makaranta aka yi ta. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi shida. Kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya, da aka kafa a 1966, shi ya riƙa buga da yawa daga cikin littattafan da iyayenmu suka tashi da su.

Amma ku lura da wani abu. Yawancin waɗannan na wanda ya riga ya iya karatu ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 Kano ta zama cibiyar ƙagaggun labaran Hausa, marubuta maza da mata suka cika kasuwa, har da shagunan hayar littafi a unguwanni, sai dai kusan duka na samari da 'yan mata da matan aure ne. Littafin ɗan shekara uku zuwa bakwai, mai manyan hotuna masu launi, shi ne ya yi ƙaranci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: buga launi yana da tsada, mai zane yana son haƙƙinsa, uba kuma da aka tasa a gaba da kuɗin makaranta littafin da aka rubuta a takardar makaranta kawai yake saya. A ganina, nan ne babban aikin laburare yake. Shi ne mai sayen da zai iya ɗaukar kwafe masu yawa a lokaci guda, har mawallafi ya ga akwai riba a yi wa yara littafi.

Kafin nan akwai mafita a intanet. African Storybook, na wata cibiya a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver, na Pratham Books a Indiya, suna da labaran yara masu hotuna da Hausa, kyauta, kuma lasisinsu ya yarda a sauke a buga. Sai dai a karanta kafin a buga. Wasu fassara ce da ba ta zauna ba, wasu kuma an zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, abin da ke rikita mai koyo.

[Hoto: farin ƙyalle a bango, yara sun yi tsit]

Sai fim. Wasu iyayen za su ce, yaran da muke fama da su su ajiye waya, su ne za a kai laburare a kunna musu kallo? Tambayar tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta bayar a 2019, ta ce 'yan ƙasa da shekara biyu a nisanta su da zaman kallo, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Bambancin yana ga yadda ake kallon. Dattawan birni suna tuna majigi, motar da ke zuwa da dare a kafa ƙyalle a fili, a nuna fim kan noma ko tsafta ko rigakafi. Abin da ya sa saƙon ke shiga shi ne akwai mai bayani da Hausa, yana magana yayin da hoto ke tafiya. Haka kallon laburare ya kamata ya kasance. Gajere, minti 15 ko 20. A tsayar a tsakiya a tambaya, me kuke zaton zai faru? In an gama, littattafai kan abin da aka gani suna kan tebur suna jira. An kalli yadda giwa ke rayuwa, ga littafin giwa, ga kuma gidan zu na Audu Bako a cikin gari ga mai son ƙarin gani da ido. Fim a nan kamar ɗanɗanon da mai tsire ke yanko maka ne, ba shi ne cinikin ba. In aka kunna katun na awa biyu ma'aikaci ya fita hira, to gidan kallo aka buɗe. Kuma wajibi ne babba ya kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe kafin ranar.

Wasanni kuwa ba sai an aro daga ko'ina ba. A kira wata gwaggo daga unguwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ku ji yadda ɗaki zai amsa. Masu cewa ba a tatsuniya da rana, sai a ɗaure Gizo a ci gaba. In ta ƙare, yara su zana abin da suka ji, manyansu su rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane zane, a ninke takardun a ɗinke. Ga littafi ya samu, da sunan yaro a bango. Akwai kacici-kacici, da gasar karin magana, da dara, da ƙera motar kara. Da azumi a yi wasannin tashe. Yaron makarantar allo da ya iya haruffan Larabci, a ba shi ajami ya karanta wa 'yan boko, ku ga yadda kallon da suke yi masa zai canja. Ranakun biki ma ga su nan birjik: 2 ga Afrilu ranar littattafan yara ta duniya, 23 ga Afrilu ranar littafi, 27 ga Mayu ranar yara a Najeriya, 26 ga Agusta ranar Hausa.

[Hoto: yara da kayan Islamiyya suna tsallaka titi da la'asar]

Duk wannan, yaushe yaron zai zo? Ranar yaron Kano a cike take. Boko da safe, Islamiyya da yamma, Asabar da Lahadi kuma da yawa suna tahfiz. Duk wanda ya kwafo tsarin wata ƙasa ya sa lokacin labari ranar Asabar da hantsi, kujeru zai yi wa tatsuniya. Sararin da ake da shi shi ne yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da yawancin Islamiyyu ke hutu, sai dogon hutun ƙarshen shekarar karatu.

Ga kuma nisa. Uwa mai 'ya'ya huɗu a Kurna ko Sheka ko Ɗorayi, kuɗin a-daidaita-sahu zuwa unguwar Nasarawa, inda laburaren yake, da dawowa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba za ta saki 'yar shekara takwas ita kaɗai ba. Gini ɗaya ba zai ishi ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni ba. Maganin da aka daɗe ana yi a wurare da dama shi ne akwatin littattafai: a zuba kamar 50 a akwati, a danƙa wa malama a Islamiyya ko firamare da littafin rajista, bayan wata guda a musanya da na wata unguwa. Wasu za su yage, wasu za su ɓata. A sa wannan cikin lissafi tun farko, don littafin yara da ya shekara fes, ba a karanta shi ba ne.

Iyaye, in za ku kai yaro karon farko, ku tsaya a teburin karɓar baƙi ku tambayi abu uku: yadda ake yi wa yaro rajista, ko ana ba da aro zuwa gida, da ranakun da ake shirin yara. Ku bar shi ya zaɓa da kansa, ko da littafin da ya ɗauka jiya ne zai sake ɗauka. Masu niyyar ba da gudummawa kuma, don Allah kada a share ɗaki a kwaso tsofaffin takardun jami'a. Ku fara tambayar ma'aikatan shekarun da suka fi rashin littafi, ku sayi na Hausa masu hotuna, kowanne kwafi uku zuwa biyar, yadda yara za su zauna rukuni su karanta abu ɗaya tare. In da hali a haɗa da fensir mai launi da farar takarda, don su ne ke saurin ƙarewa.