Fuska Muke Kallo, Amma Jiki Ke Yanke Mana Hukunci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Hausawa mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma masana ma sun daɗe a kan wannan ra'ayi. A shekarun 1960 wani masani ɗan Amurka, Paul Ekman, ya riƙa nuna wa mutane hotunan fuskoki, har ya kai su ƙauyukan Papua New Guinea. Ya ce akwai yanayin zuciya shida da kowane ɗan Adam ke ganewa a fuska: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki da ƙyama. Sai dai yawancin hotunan nan na mutanen da aka ce su yi fuskar ne da gangan, kuma daga wuya zuwa sama aka ɗauka. To wa ya taɓa gamuwa da kai shi kaɗai a hanya, ba kafaɗa, ba hannu?

A 2012 masana uku, Hillel Aviezer da Yaacov Trope da Alexander Todorov, sun buga wani bincike a mujallar Science. Sun tara hotunan ƙwararrun 'yan wasan tanis daidai lokacin da mutum ya ci maki mai muhimmanci ko aka cinye shi. Wasu mutane aka nuna musu fuskar kaɗai, wasu jikin ba fuska, wasu kuma hoton gaba ɗaya. Waɗanda suka ga fuska kaɗai sun kasa bambance wanda ya ci da wanda aka cinye. Waɗanda suka ga jiki sun gane ba wahala. Daga nan masanan suka cire fuskar wanda aka cinye suka ɗora a jikin wanda ya ci, sai masu kallo suka ce ai wannan murna yake yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka ga cikakken hoto sun ce a fuska suka gane. Jiki ne ya ba su amsa, amma ba su sani ba.

Me ya kawo haka? Idan abu ya kai maƙura a zuciya, daɗi ne ko ɗaci, fuska takan murtuke iri ɗaya, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, ba ka jin komai sai ƙara. Uwar da ɗanta ya dawo bayan an fid da rai da shi kuka take yi, wadda aka yi wa rasuwa ma kuka take yi. Amma ta farko hannuwanta a buɗe suke tana nufar yaron, ta biyu kuwa ta dunƙule wuri guda.

Wannan a hoto ke nan, wanda ba ya motsi. Idan motsi ya shigo, abin ya fi haka. A 1973 Gunnar Johansson na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya ɗaura wa mutane 'yan ƙananan fitilu a gaɓoɓi, gwiwa, gwiwar hannu, kafaɗa, idon sawu, ya ɗauke su fim a cikin duhu. In suna tsaye, ɗigo-ɗigon haske kawai ake gani, ba ma'ana. Da sun fara tafiya, nan take mai kallo zai ce mutum ne ke tafiya. Masu bincike na baya sun bi wannan hanya, suka ga cewa daga ɗigon nan kaɗai mutane na gane fushi da baƙin ciki da murna. A Jami'ar Glasgow, Frank Pollick da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa motsin hannu wajen ƙwanƙwasa ƙofa ma ya isa: mai sauri da fizga a karanta shi fushi ko ɗoki, mai sanyi a karanta shi gajiya ko damuwa. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta jiran mu yi tunani. Binciken Beatrice de Gelder da abokanta a Holan a 2005 ya nuna cewa idan fuska ta ce tsoro jiki kuma ya ce fushi, ƙwaƙwalwa na lura da saɓanin cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Wani zai tambaya, koya muke yi ko da shi aka haife mu? Jessica Tracy da David Matsumoto sun duba hotunan 'yan wasan judo a gasar Olamfik da ta nakasassu da aka yi a Atina a 2004. Har makafin da ba su taɓa gani ba tun haihuwa, in sun yi nasara sukan ɗaga hannuwa, su buɗe ƙirji, su ɗaga kai. In an kayar da su, kafaɗu su zube. Ba su taɓa ganin wani ya yi ba balle su kwaikwaya. Amma masu gani daga ƙasashen Yamma sun fi ɓoye wannan zubewar kafaɗa bayan shan kaye. Ashe tushen abin halitta ne, tarbiyya kuma tana iya danne shi ko ta sauya masa fasali.

A nan nake so ku ba ni hankalinku, musamman malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu shari'a. Yaron da aka rena a gidan Bahaushe ba ya kallon babba ido cikin ido. Yakan sunkuyar da kai, ya durƙusa, ya rage murya. Kunya ce da ladabi. To amma a wani bincike da aka buga a 2006, an tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda ake gane maƙaryaci, kusan kashi biyu cikin uku suka ce yana kawar da ido. A shekarar kuma Charles Bond da Bella DePaulo suka haɗa sakamakon bincike sama da 200, suka samu cewa mutane na dacewa wajen bambance gaskiya da ƙarya kashi 54 cikin 100 ne kawai. Wanda ya yi ka-cici-ka-cici ma zai dace kashi 50. Ku yi tunanin ɗalibinmu a gaban jami'in shige da fice a wata ƙasa, kansa a ƙasa saboda girmamawa, jami'in kuma yana ganin alamar rashin gaskiya. Ko a nan gida, yarinyar da ake tuhuma da sata a aji, tsoro ya sa jikinta rawa, malama ta ce ga shi nan, jikinta ya tona ta. Rawar jiki ta nuna hankalinta a tashe yake, ba ta faɗi abin da ya tayar da shi ba.

Haka ma masu cutar Parkinson, wadda ke kawo karkarwa da sanyin motsi da daskarewar fuska. Sau da yawa akan ɗauka dattijo ya yi fushi da iyalinsa, ko ya daina damuwa da kowa, alhali cutar ce ta riƙe masa gaɓoɓi, zuciyarsa na nan yadda take. Har ma'aikatan lafiya an samu suna yin wannan kuskure. In kuna da irin wannan dattijo a gida, ku zauna kusa da shi ku tambaye shi abin da yake ji, ku kuma yi haƙuri ku jira amsar, domin maganar ma a hankali take fito masa.

Na ga lokacin Magariba ya gabato, bari in dakata nan a karɓi tambayoyi.