Kwamfutarka a garken wa take kiwo?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Jos.

Makon jiya wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, wace irin takardar biyan kuɗi ce ka aiko mini da ƙarfe ukun dare?" A wannan lokacin ni ina ƙudundune cikin bargo, sanyin garin nan ko leƙen taga bai bar ni na yi ba. Ban aika wa kowa komai ba. Amma ga saƙo a wayarsa, da sunana, da adireshin imel ɗina, da wani fayil maƙale an ce ya buɗe ya duba. Kafin azahar mutum huɗu sun kira ni a kan magana ɗaya. Na ɗauki kwamfutar na nufi wajen wani yaro mai gyara a kasuwar Taminus, ya duba ta, ya ɗago kai ya ce, "Baba, tsutsa ce. Kuma ta kwana biyu a ciki."

Abin da ya sa na kawo maganar nan gidan rediyo shi ne yadda mutane suka karɓi labarin da na ba su. Wani ya yi dariya ya ce shi ko an shiga kwamfutarsa babu abin sata sai hotunan suna da takardun makarantar yara. Wata kuwa nan take ta tura wa duk zaurukanta na WhatsApp gargaɗin cewa kada kowa ya sake buɗe imel, don yana ƙona waya. Wani dattijo ya ce ai masu sayar da antibayiros ne ke ƙirƙirar cutar don su sayar da maganin. Duk cikinsu babu wanda ya tambayi yadda abin yake aiki, kuma a nan matsalar take.

Tsutsar imel wata 'yar manhaja ce da ke yaɗa kanta. Tana zuwa a maƙale da saƙo, ka buɗe ta da hannunka, sai ta zarce jerin adireshin mutanen da kake hulɗa da su, ta aika wa kowa kwafin kanta da sunanka. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda zai share saƙon baƙo ba tare da ya duba ba, idan ya ga sunan yayansa ko shugabansa a wurin aiki, buɗewa zai yi.

Dabarar ta tsufa. A watan Maris na 1999 wata mai suna Melissa ta ɓulla a Amurka, tana aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin manhajar imel ta Outlook na duk wanda ya buɗe ta. An kama wanda ya rubuta ta, David Smith, aka yanke masa wata 20 a kurkuku. Shekara guda bayan haka, ranar 4 ga Mayun 2000, aka wayi gari da wadda ta fi ta suna, ILOVEYOU, wato wasiƙar soyayya. Ta taso daga Manila ta ƙasar Filifin, ta bi rana daga Asiya zuwa Turai zuwa Amurka yayin da ma'aikata ke isa ofis suna kunna kwamfuta. Fayil ɗin ya yi kama da rubutu zalla, saboda Windows na ɓoye ƙarshen sunansa, alhali umarni ne ke ciki. Sai da majalisar dokokin Birtaniya ta rufe imel ɗinta. Manyan mutane masu digiri, kowa ya ga an ce ana sonsa, ya kasa haƙuri. Ɗalibin da ya rubuta ta, Onel de Guzman, ba a hukunta shi ba, don a lokacin Filifin ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi. Bayan shekara ashirin wani ɗan jarida ya gano shi a Manila yana gyaran waya a wani ɗan shago, irin dai na yaranmu na Taminus, ya kuma ce abin da ya nema tun farko shi ne kalmomin sirri na shiga intanet, don ba shi da kuɗin biya.

Waɗancan na farko hayaniya suka yi, kowa ya san sun zo. Na baya sun koyi shiru, saboda abin ya zama kasuwanci. Mydoom, wadda ta fito a Janairun 2004, ta zo ne da siffar saƙon da ke cewa imel ɗinka bai isa ba. Idan ka buɗe, sai ta bar ƙofar baya a buɗe a kwamfutarka, ta yadda wani daga nesa zai iya ba ta umarni. Ranar 1 ga Fabrairu kwamfutocin da ta kama suka yi wa shafin kamfanin manhaja na SCO rubdugu har ya durƙushe. Kamfanin ya sa ladan dala 250,000 ga wanda ya tona marubucinta, Microsoft ma ya sa irin wannan, amma har yau ba a kama kowa ba. A Janairun 2007, lokacin da guguwa ke ɓarna a Turai, wata ta zo da taken cewa mutum 230 sun mutu, mutane suka yi ta buɗewa don neman labari.

Wannan shi ne abin da Turawa ke kira botnet. Ni na fi gane shi da garke. Dubban kwamfutoci, wata a Jos, wata a Legas, wata a Barazil, kowacce na zaune a teburin mai ita tana aikinta na kullum, amma sandar kiwonsu na hannun mutum ɗaya da ba su taɓa gani ba. In ya ga dama ya sa su aika miliyoyin saƙonnin damfara. In ya ga dama ya kora su kan shafin wani banki ko wata hukuma su toshe shi. Yana kwashe kalmomin sirri, yana kuma bayar da hayar garken ga wasu ɓarayin, kamar yadda ake hayar tantin biki.

To ka ga amsar mai cewa ba shi da abin sata. Ba hotunan sunan ake nema ba, ɗan'uwa. Injinka ake so, da datarka, da wutar da ka sha wahala ka samu, sannan uwa uba sunanka, wanda mutane suka yarda da shi. Wata mai suna Emotet, wadda aka fara gani a 2014, ta kai wannan dabara maƙura. Tana karanta tsofaffin saƙonninka, ta shiga tsakiyar hirar da kuke yi da wani, ta amsa masa kamar kai ne, ta liƙa takardar Word mai ɗauke da cutar. Wa zai yi zargi? A Janairun 2021 jami'an tsaro na ƙasashe takwas, da haɗin kan hukumar 'yan sandan Turai ta Europol, suka ƙwace na'urorin da ke juya ta. Aka yi murna. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, a watan Nuwamban shekarar ta dawo. A Agustan 2023 hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa wani garken mai suna Qakbot, ta ce ta samu kwamfutoci fiye da 700,000 a cikinsa. Mafi yawan masu su ba su san an taɓa kiwonsu ba.

Mu mutanen Filato bai kamata wannan ya ba mu wuyar fahimta ba. Ga Vom nan kusa da mu, inda tun 1924 ake aikin binciken cututtukan dabbobi, kuma ciwon bushiya da ya riƙa share garkunan shanu ne babban dalilin kafa wurin. Kowane makiyayi ya san cewa saniyar da ba a yi wa allura ba, ba mai ita kaɗai take jawo wa asara ba, duk wadda suka sha ruwa a rafi ɗaya ta shiga haɗari. Ba a ga bayan bushiya a duniya ba sai a 2011, bayan shekaru ana bi ruga-ruga. Kwamfutar shagon buga takardu da ɗalibai ɗari ke soka wa filash a rana, a kan titin Bauchi ko Farin Gada, rafi ce irin wannan.

Sai masu firgita, waɗanda a ganina sun fi ba da wahala, don da kyakkyawar niyya suke ɓarna. A 2002 wani saƙo ya zaga duniya yana cewa a duba kwamfuta, in an ga wani fayil mai hoton 'yar tsanar beyar to bayiros ne, a goge shi maza, a kuma sanar da kowa. Jama'a suka duba suka gani, suka goge. Fayil ɗin kuwa na Windows ne, lafiyarsa lau, da shi kwamfutar ta zo. Mu ma muna da namu. Masu shekaru za su tuna jita-jitar lambar kisa ta 2004, da aka ce in ka amsa kiranta sai ka faɗi matacce, ta kuma dawo a 2011 har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata. Ku lura da siffar irin wannan saƙo: yana tsorata ka, yana zuwa daga wanda ka sani, yana neman ka tura wa kowa. Siffar tsutsa ke nan sak, sai dai wannan ba ta buƙatar manhaja, yatsanka ya ishe ta. Kuma duk ƙaryar da aka yaɗa tana rage wa gargaɗin gaskiya daraja, har ranar da na gaske zai zo a ce an saba ji.

Zargin da dattijon nan ya yi wa masu antibayiros ba zan daɗe a kansa ba. Gaskiya ne suna cin kasuwa da tsoron mutane, kuma tallarsu kan zuzuta abu. Amma waɗanda aka gurfanar a kotu kan waɗannan tsutsotsi an san su, an san abin da suka nema.

Akwai kuma masu cewa su ba su amfani da imel, WhatsApp kawai suke yi. Mafi yawan masu wayar Android da adireshin Gmail aka buɗe musu ita, ko da yaron shago ne ya ƙirƙira ya manta bai ba su kalmar sirrin ba, kuma ta nan ake sauya mabuɗin Facebook da sauran asusu. Dabarar ma ta bi mu cikin wayar. A 2021 NCC ta yi gargaɗi a kan Flubot, wadda ke zuwa ta gajeren saƙo, ta kwashi lambobin da ke wayarka ta aika musu kanta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Doka muna da ita. An sa hannu a kan dokar laifukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024, akwai kuma cibiyar ngCERT a Abuja, ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da ke fitar da gargaɗi. Sai dai makiyayin garken yana iya kasancewa a wata nahiya, gargaɗin kuma yawanci da Turancin ƙwararru yake fita, bai isa kunnen mai shagon hoto a Unguwar Rogo ba. A nan ina ganin laifinmu ne mu 'yan jarida, da hukumomin da ba su ɗauki Hausa harshen da za a yi maganar fasaha da shi ba. Sannan ga talauci. Mutum na kashe sabunta manhaja don kada ta cinye masa data, yana amfani da Windows ɗin da aka kwafa a kasuwa. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020, amma leƙa ofisoshi da shaguna ka ƙirga nawa ke kanta har yanzu.

Abin da na fi jin tsoro shi ne kunya. Wanda aka aika saƙo da sunansa yakan yi gum, kamar an kama shi da abin assha, alhali kowace sa'a ta shirunsa wani na can yana buɗe fayil ɗin saboda ya yarda da shi. Ni ma na ji wannan nauyin. Yaron ya kwashe mini takarduna, ya yi wa kwamfutar fomatin, na sauya kalmar sirri daga wata na'urar daban, na kunna tsarin da ke turo lamba ta waya kafin a shiga. Daga nan na zauna na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina cewa saƙon nan ba ni ba ne, kada a buɗe, in kuma wani ya sake zuwa da sunana a kira ni tukuna a ji daga bakina.

Na ƙarshe da na samu shi ne kawuna, tsohon ma'aikaci da ke zaune a Bukuru. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, akwai wani saƙo da ya zo maka da sunana." Ya ce, "Na gani, ɗana. Na buɗe har sau uku bai nuna komai ba, sai na tura wa ƙaninka ko shi zai buɗu a wajensa." Gobe da safe zan je Bukuru in ɗauko kwamfutarsa, daga can in biya gidan ƙanin nawa.