Lacca: girkin ƙasashen waje da kayan kasuwarmu, karin kumallo da abincin dare

(Wata malamar girki ce tayi wa mata wannan laccar anan cikin birnin Kano, na rubuto ta daga rikodin ɗin waya yadda ta faɗa, inda hayaniya tayi yawa na tsallake.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dake gaba ina gaisuwa, yayyena da ƙannena sannunku da zuwa, na baya kuna jina ko? Toh madalla. Masu goyo in yaro yayi kuka kar ku damu, duk mun saba.

An ce inyi magana akan girkin yau da kullum, na safe da na dare, amma da ɗanɗanon wasu ƙasashe. Nasan wasunku da suka ji haka hankalinsu ya tafi babban kanti, kwalabe masu rubutun turanci da man zaitun ɗin da kuɗin kwalba ɗaya zai sai miki kwanon shinkafa harda canji. Ba can zamu ba. Abinda nake faɗawa ɗalibaina kullum shine bambancin girkin Balarabiya da Ba'indiya da Bahaushiya mafi yawansa a hannu yake, me aka fara sawa a tukunya, me ya biyo baya, wutar da ƙarfi ko a hankali, amma kayan kam kusan duk suna nan Kurmi da Rimi da Singa da Yankaba.

Kuma mu Kanawa ba yau muka fara karɓar baƙon abinci ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda yayi sarauta daga 1463 zuwa 1499, fatake suna ratso Sahara da raƙuma suna sauke kaya. Gurasar nan da muke tinƙaho da ita muna bandashe ta hannun Larabawa ta shigo mana. Tumatir da tattasai da attaruhu da masara da rogo, harda gyaɗar da mukayi dala da ita, duk asalinsu nahiyar Amurka ne, sai bayan 1492 suka bazu a duniya. Maggi da baki iya miya sai dashi daga Suwizalan yake, a 1908 suka fara yin ɗan dunƙulen. Indomie kuwa 'yar Indonesiya ce, ita kanta dabarar taliyar minti biyun wani ɗan Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1958, amma ki je ki gayawa yaronki ba abincin gidanku bace kiji. [dariya]

Toh mu fara da safe, dan nan ne matsalar take, yara zasu makaranta, mai adaidaita yana ƙofar gida yana hon, shiyasa gidaje da yawa shayi da burodi ne daga Litinin har Juma'a.

Akwai wani abu da mutanen Tunisiya da Libiya suke yi sunansa shakshuka. Wata zata ce ai miyar ƙwai ce Malama, eh 'yar uwarta ce amma ki saurara. Ki zuba mai kaɗan ki soya albasa tayi laushi, sai ki sa tafarnuwa da kumin, wanda Larabawa ke cewa kamun, rabin ƙaramin cokali, ki bari ya taɓa man kamar rabin minti har kiji ƙamshi ya tashi, wannan taɓa man shine sirrin gaba ɗaya, mu mun saba sai miya ta tafasa muke barbaɗa kayan ƙamshi a sama, su kuwa a mai suke tashinsu. Sai tattasai da tumatir yankakku ko jajjage, kar ki markaɗa, da attaruhu daidai bakin gidanki. Ki barshi ya tsotse har mai ya fito sama. Daga nan ki sa bayan cokali kiyi 'yan ramuka ki fasa ƙwai ɗaya ɗaya a ciki, kar ki juya, dan Allah kar ki juya, nasan hannu zai yi miki ƙaiƙayi, ki rufe ki rage wuta minti biyar zuwa shida. Ki kawo gurasa mai ɗumi a dinga dangwala. Ita miyar tun dare zaki iya haɗa ta, da safe ɗumamawa ce kawai da fasa ƙwai, kafin ruwan shayi ya tafasa kin gama.

Waɗanda suka je Makka, Hajiya na ganki kina murmushi, kun san ful da tamis, wato dafaffen wake da burodinsu, yadda ake layi akansa bayan asuba. A Masar da Sudan ful ɗin shine karin kumallon kowa, talaka da mai kuɗi. Waken su wani iri ne mai faɗi, ba irin namu ba, amma namu yana yi tsaf. In kin dafa wake jiya da rana ki ɗebi kofi biyu ki ajiye, da safe ki ɗumama da ɗan ruwa ki murƙushe rabinsa da ludayi, ki sa dakakkiyar tafarnuwa, kumin, gishiri, ki matse lemon tsami, sai ki yanka ɗanyen tumatir da albasa a kai ki kwarara mai. Man zaitun ba dole bane, 'yan Sudan da yawa da man riɗi suke ci, man ƙuli mai kyau ma yayi. Abu ɗaya, ki rage kanwa, in tayi yawa waken yayi duhu kuma ta kashe tsamin lemon. Yaron da yaci wannan baya dawo miki da kukan yunwa ƙarfe goma.

Cafati kuma na Indiyawa ne, ya bi su har Kenya da Uganda ya zama na gida. Fulawa kofi biyu, gishiri, mai cokali biyu, ruwan ɗumi, ki kwaɓa ya haɗe ki rufe minti ashirin zuwa talatin, ba yis ba jira ya tashi. Ki murza da faɗi, in baki da abin murji kwalba ma tayi, ki gasa a kasko. A Uganda suna soya ƙwai da kabeji da tumatir su naɗe a ciki suna ce masa rolex, shi ne nake ba iyaye shawara su sawa yara a kular makaranta maimakon indomie kullum ta Allah.

Shayi ba sai na daɗe ba, mun iya. Citta, kanumfari, kirfa, masoro, kadamon, Indiyawa kawai tare da madara suke tafasa shi.

Yanzu dare. Anan zan ɗan jima akan kabsa, shinkafa da nama ta Larabawa, dan ita aka fi tambayata, kuma ita aka fi ɓatawa, mace ta dafa jalof ɗinta ta watsa zabibi a kai tace kabsa ce. [dariya] Ita jalof asalinta Senegal ne, shinkafa da kifinsu har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka a jerin kayan gado a 2021, tumatir ne ke jan ragamarta. Kabsa ta Saudiyya kuwa romon nama da kayan ƙamshi ne ke ja, tumatir ɗan rakiya ne, biyu ko uku sun isa tukunyar gida.

Ki soya albasa mai yawa a hankali sai ta zama ja, kar ta ƙone, nan ne kalar shinkafar take fitowa. Ki jefa kayan ƙamshi a tsayensu ba niƙaƙƙu ba, sandar kirfa ɗaya, kanumfari huɗu, kadamon biyar ki ɗan fasa bakinsu, ganyen bay, masoro, sai busasshen lemon tsami, wannan baƙin da ake samu wajen masu kayan ƙamshi da masu tsarabar Makka, ki huda shi da wuƙa kafin ki sa. Shi ne ƙamshin nan da kike ji a gidan wadda ta dawo daga aikin hajji ki rasa menene. In baki samu ba ki tafasa namu ƙanana a ruwan gishiri ki shanya a rana har ya bushe ƙamas yayi baƙi, zafin Kano na watan Afrilu ba abinda bazai busar ba. Kori da tayim ki ajiye su gefe yau, in suka shiga sun mayar miki da ita gidan jiya. Sai kaza ta shiga ki juya ta a man, citta da tafarnuwa, tumatir, gurzajjen karas, ruwa. In ta dahu ki tsame ta ki gasa ko ki soya sama sama, romon nan shi zaki dafa shinkafa dashi.

Basmati tayi tsada na sani. In kin samu ki jiƙa ta minti talatin, kofi ɗaya na shinkafa kofi ɗaya da rabi na romo. In babu, shinkafarmu ta Kura mai dogon ƙwaya tana yi, ki tsince ki wanke sosai, ita tafi shan ruwa sai ki ƙara. In ruwan ya kusa tsotsewa ki rage wuta can ƙasa ki rufe ruf, kar a buɗe minti goma sha biyar. Sai miyar gefe da suke cewa daƙƙus, tumatir da attaruhu da tafarnuwa da lemon tsami a markaɗa sama sama, shikenan.

Na 'yan Chana kishiyar wannan ne, su wuta suke ƙurewa su gama a minti goma, dan haka mai kukan tsadar gas ta buɗe kunne. Komai sai kin yanka kin jera kafin ki kunna wuta, kabeji, karas, koren tattasai, albasa mai lawashi. Nama ki yanka siri siri ki cuɗa da soya sos da ɗan garin kwanfulawa, shi ke sa shi taushi. Kasko yayi zafi sosai, nama ya fara shiga ki kwashe, kayan lambu su shiga minti biyu kawai suna ƙaras ƙaras, sai shinkafa ko taliya. Shinkafar dole mai sanyi, mai zafi caɓewa take. Amma in ba wutar NEPA kar ki bar dafaffiyar shinkafa ta kwana a kula kice gobe zaki soya, tana ɓata ciki, gara ki dafa da rana ki baza a faranti ta huce ki soya da yamma. Soya sos kuma ki duba tambarin halal a jikin kwalbar, kuma in kin sa shi ki janye hannu daga maggi da gishiri dan shi kansa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi kar babba ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, ga hawan jini ya cika gidajenmu.

Shawarma kuwa Kwarori ne suka saba mana da ita, mutanen Lebanon da suka daɗe a garin nan har muna da titin Beirut. Tsokar kaza ki jiƙa a yogot mara suga da tafarnuwa da lemon tsami da kumin tun rana, da dare ki gasa a kasko ki naɗe a cafatin da na koya muku ɗazu. Farar miyar da Larabawa ke sawa, tahina, riɗi ne zalla aka soya sama sama aka niƙa da ɗan mai. Buhu buhu ake loda riɗinmu a Dawanau a fita dashi waje, sannan mu je kanti mu siyo shi a kwalba da tsada, abin har haushi yake bani.

Akwai tambaya? Ƙanwata ta can gefe, ɗaga murya.

[Tambaya: Malama maigidana in ba tuwo ba baya cin komai da dare, ya zanyi?]

Toh kar ki taɓa masa tuwonsa. [dariya] Da gaske nake, tuwon dawa miyar kuka da man shanu ba abin rainawa bane, kuma in kuna zaune da surukarki kika ɗauke tuwo kin jawo wa kanki magana. Ki zaɓi rana ɗaya a sati, ki fara da kabsa dan tafi kusa da abinda bakinsa ya sani, kuma kar ki kira masa sunan waje, kice shinkafa da kaza ce. In ya nemi ƙari sai ki gaya masa. Shakshuka ma kice ƙwai ne da gurasa.

[Tambaya: Anti mu da gawayi muke girki, bamu da oben, zai yiwu?]

Ke kika ma fi mu. Mandi, shinkafa da nama na mutanen Yemen, a rami ake yinsa da garwashi, ƙamshin hayaƙin nan shi masu gas suke nema ido rufe. In shinkafarki ta dahu kin jera kazar a kai, ki sa ɗan ƙaramin kofin silba a tsakiyar tukunyar, ki ɗauko garwashi ɗaya jajir ki kaɗe tokar ki saka a ciki, ki ɗiga masa mai rabin cokali, hayaƙi na tashi ki rufe da sauri ki toshe gefen murfin da tsumma mai tsafta. Minti biyar ya isa, in ya wuce haka ɗaci zai yi. Gawayin itace fa, banda wanda kika kunna da kananzir ko leda, warin zai kama shinkafar duka.

An kira la'asar ko? Toh masu son ganin lemon tsamin da kumin ɗin gasu nan akan tebur na zo dasu, ku shinshina ku gane su kafin ku shiga kasuwa.