Karas, Tabarau da Lafiyar Ido

Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Rabi ce, tare da Malam Isa da ƙanenmu Nura. Yau maganar ido za mu yi. Nura, kai ka kawo ta, bismillah.

Nura: Anti Rabi, tun muna yara ake ce mana mu ci karas idonmu ya yi ƙarfi. To idan na dage da cinsa, zan iya ajiye tabaran nan?

Malam Isa: Ba za ka ajiye ba, Nura. Wanda ba ya hangen nesa, yawanci ƙwayar idonsa ce ta ɗan zarce tsawo, kuma babu abincin da zai gajarta ta. Amma maganar karas tana da tushe. Jiki yana juya sinadarin da ke cikinsa ya koma bitamin A, wanda da shi ido yake gani idan haske ya yi ƙasa. Idan ya yi ƙaranci, abin da ke fara bayyana shi ne dundumi.

Rabi: Wannan ne yake taɓa min zuciya. Yaro yana wasansa garau da rana, da zarar rana ta faɗi sai ya lafe gefe guda, yana laluben bango, yana tuntuɓe da abin da ke gabansa. Sai iyaye su ce tsoron duhu ne. Idan aka bar shi haka, idon ya bushe, daga baya ya yi gyambo, a nan kuwa an makara.

Malam Isa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, kuma rabinsu suna rasuwa cikin watanni 12 da rasa ganin. Alhali maganin yana cikin hanta, ƙwai, madara, karas da ganyaye masu duhun kore. A dafa ganyen da ɗan mai, domin sai da maiƙo hanji yake iya tsotse sinadarin sosai.

Rabi: Sai dai mai juna biyu kada ta cika cin hanta, kuma kada ta sha ƙwayar bitamin A ba da izinin likita ba. Yawansa yana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Nura: To ƙwayoyin da ake ta tallarsu a Facebook fa, wai na gyaran ido?

Malam Isa: A nan ake cin kuɗin mutane. Akwai babban bincike da Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta yi, ana kiransa AREDS. A 2001 ya nuna cewa wani haɗi na bitamin C, bitamin E, zinc da sauransu yana rage haɗarin tsanantar lalacewar tsakiyar gani da kusan kashi 25 cikin 100. Amma ga wa? Ga masu shekaru da cutar ta riga ta kama su. Bai ce mai lafiyayyen ido ya sha ba. A zagaye na biyu, a 2013, an ga ya fi kyau a cire sinadarin karas ɗin daga haɗin a sa lutein, wanda ke cikin ganyaye da gwaiduwar ƙwai, saboda sinadarin karas ɗin a ƙwaya yana ƙara haɗarin kansar huhu ga waɗanda suka taɓa shan taba.

Rabi: Ita kanta tabar tana gaggauta yanar ido.

Nura: Ni abin da ke damuna waya da kwamfuta ne. Kafin dare idona ya yi ja, yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi.

Rabi: Saboda ba ka ƙifta ido yadda ya kamata idan ka ƙura wa allo, sai hawayen da ke jiƙa shi ya bushe. Duk minti 20 ka ɗaga kai, ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Yara kuma a bar su su fita wasa a sarari, kamar awa 2 a rana, yana rage musu haɗarin rashin hangen nesa.

Malam Isa: Ni kuma tsorona cututtukan da ba sa zafi ne. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe-gefe, mutum bai sani ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ciwon sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido tun mutum yana karanta rubutu lafiya lau.

Nura: Ke nan ko ido bai yi ciwo ba a je a duba?

Malam Isa: Mai ciwon sukari ya je duk shekara. Wanda ya haura 40, ko wanda akwai hawan jinin ido a gidansu, ya sa a auna masa. Kuma don Allah a daina ɗiga maganin ido na aro. Wasu suna ɗauke da sitiroyid, jan ido ya washe nan take, amma idan aka daɗe ana amfani da su suna iya tayar da hawan jinin idon.

Rabi: Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.