Seiko 6139: Tagwayen da Ba Shekararsu Ɗaya Ba

Jama'a, ku dubi agogunan nan biyu da kyau. Duk Seiko 6139 ne, fuska ruwan ɗorawa, zobe ja da shuɗi, ƙaramin da'ira a ƙasa mai ƙirga minti 30. A 1969 kamfanin ya fito da shi, cikin na farko-farkon agogunan auna lokaci masu cika kansu da motsin hannu. Irinsa Kanar William Pogue, ɗan sama jannatin Amurka, ya tafi da shi tashar sararin samaniya ta Skylab a 1973.

To, ina bambancin?

Ku matso kusa da wurin ƙarfe tara a fuskar agogon. Na dama an rubuta masa WATER 70m PROOF, wato ruwa ba ya shiga, na hagu kuwa RESIST, wato yana jure ruwa. Mai PROOF shi ne yaya. Wajajen 1970 aka sauya rubutun, bayan hukumomin Amurka sun hana a ce agogo ruwa ba ya shigarsa sam. Mita 70 ɗin ma, gaskiya, ba ta masu nutso mai zurfi ba ce, kuma agogon da ya haura shekara 50 ni ko alwala ba zan yi da shi ba.

Ga kuma 'yar tsaga a jikin ƙarfen, daidai wurin maɓallin saiti, don farce ya samu shiga. Na farko-farko ne ke da ita, daga baya aka daina.

Yanzu mu kifa shi. Lambobin nan shida na murfin baya, na farko lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata, haruffan O, N da D kuma Oktoba, Nuwamba, Disamba. In ka ga fuska mai PROOF amma murfi ya fara da 5, wato 1975, an yi haɗe-haɗe. Ba lallai ha'inci ba ne, mai gyara a Babbar Kasuwar Sakkwato abin da ya samu yake sawa don agogo ya tashi. Sai dai kuɗinsa ba zai kai na asali ba.

Zoben ciki mai juyawa kan koɗe daga ɗorawa ya koma fari-fari, balle a ranar Sakkwato. Wanda ke sheƙi kamar jiya aka ƙera shi, sai a tambayi mai shi. Wasu agogunan kuma ranakun mako da Larabci suke fitowa a fuskarsu, don haka ku leƙa akwatin tsarabar Makka na Baba Alhaji, da izininsa.