Gidan yuro ɗaya a Sambuca da gadar Civita

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro. Yaya Bilki, tun makon jiya saƙonni ke ta shigowa a kan gidajen nan na yuro ɗaya da ake sayarwa a ƙauyukan Italiya, har wasu suna tambaya ko damfara ce.

Bilki: Ba damfara ba ce, amma akwai sharuɗɗa. A Sambuca da ke tsibirin Sisili, lokacin da hukumar garin ta fitar da gidaje 16 a shekarar 2019, yuro ɗaya shi ne farashin da aka buɗe gwanjo da shi. A lokacin, mai saye zai ajiye yuro 5,000 a matsayin jingina, sannan dole ya gyara gidan cikin shekara uku.

Malam Habu: Me ya kai su ga haka?

Bilki: Mutane ne suka watse, Malam. Girgizar ƙasar 1968 ta lalata yankin, matasa kuma suka tafi birane neman aiki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Larabawa Musulmi ne suka kafa garin wajen shekarar 830, kuma har yau tsohuwar unguwarsu tana nan, da lunguna bakwai masu ƙunci waɗanda mutum biyu ba sa jerawa a wasunsu sai da kaɓa kafaɗa. Duk wanda ya je Italiya ya tsaya a Rum da Banis kawai, a ganina ya yi asara.

Nasiru: To, Civita di Bagnoregio fa, ƙaramin garin nan na tsakiyar Italiya, wadda hotonta ya cika wayoyin mutane?

Bilki: Wannan lamarinta ya fi tsanani, domin ƙasar da take kai ce ke zaizayewa. Garin yana bisa wani tsauni mai laka a ƙasa da dutse mai taushi a sama, ruwan sama yana cin lakar, gefen dutsen kuma yana ruftawa da gidajen da ke kansa. Ya haura shekara 2,500 da kafuwa, girgizar ƙasar 1695 ta kori yawancin mutanensa, yanzu masu kwana a ciki duk shekara ba su wuce goma sha wani abu ba. Mota ba ta shiga, sai dai a taka wata gada mai tsawon kusan mita 300.

Malam Habu: Yaya, gadar nan ce ke damuna. Tsoho mai ciwon gwiwa zai iya hawanta?

Bilki: Zai iya idan ya bi a hankali, amma ƙarshenta akwai hawa sosai.

Malam Habu: Kayan abinci fa, da buhunan siminti na gyara?

Bilki: Da ƙananan babura da 'yan ƙananan injunan ɗaukar kaya ake haurawa da su. Tun 2013 kuma baƙo yana biyan kuɗin shiga, kuma ni ina goyon bayan hakan, domin tallafe dutsen da ke zamewa aiki ne mai cin kuɗi.

Nasiru: Mun yi niyyar kaiwa Alberobello, mai ɗakunan dutse masu kama da rumbu, mu kuma zaɓi gwani a cikin garuruwan uku, amma lokaci ya ci mu.

Bilki: A bar mini ita zuwa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.